Jinyar CAR-T da aka yi wa maigidana a Ingila, da abin da na fahimta tsakanin Yescarta da sauran

Assalamu alaikum jama'a. Tunda maigida ya samu sauƙi ake ta kirana, wasu daga Kano wasu har daga Damagaram, wai wane irin magani ne aka yi masa, nawa ake biya, ana samu a Indiya ko sai Turai, to bakina ya gaji da saƙon murya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai wuri ɗaya. Ni ba likita ba ce, ni ce dai wadda ta kwana kan kujerar asibiti sati uku tana kallo.

Ciwon nasa limfoma ne, irin mai saurin nan da likitoci ke kira DLBCL, daji ne da ke kama fararen ƙwayoyin jini nau'in B. A wuya ya fara masa kamar kaluluwa, ga zufar dare har sai na canza zanin gado sau biyu kafin asuba. A farkon 2022 aka yi masa kimo da ake kira R-CHOP zagaye 6, duk bayan sati uku, aka ce alhamdulillah ya tafi, muka yi sadaka muka yi murna. Wata 7 kacal ya dawo, wannan karon a ciki. Aka sake wani kimo mai ƙarfi da niyyar in ya karɓa a yi masa dashen ɓargo da nasa ƙwayoyin, zagaye biyu aka yi sikanin, ciwon ko gezau. Ranar ne likitarsa ta jawo takarda ta fara zana mana CAR-T.

Yadda abin yake a taƙaice, sojojin jikin mutum ne da kansa, ƙwayoyin T, ake tatsowa daga jini a kai su masana'anta a dasa musu wani abu kamar ido da zai riƙa gane wata alama da ake kira CD19 a jikin ƙwayoyin dajin, a hayayyafa su su yi miliyoyi sannan a dawo da su jikinsa. Sau ɗaya ake ɗurawa. Ba kamar kimo ba da za ka yi ta zarya, amma kar wannan sau ɗayan ya ruɗe ku don abin da ke biyo baya ba wasa ba ne.

Iri uku ne suka fi shahara a irin wannan ciwon. Yescarta da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017, sai Kymriah na kamfanin Novartis da aka amince da shi don limfoma a 2018, sai Breyanzi a 2021. Lokacin namu, farkon 2023, biyu na farko ne a gabanmu, Breyanzi bai shigo tsarin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, ba tukuna. Na tambayi likitar kai tsaye na ce don Allah da ɗan'uwanki ne wanne za ki zaɓa, ba ta yi mini kwana-kwana ba kuma wannan yana cikin abin da ya sa har yau nake ganin girmanta. Ta ce duk CD19 suke nema amma injin da ke cikinsu ya bambanta, na Yescarta ana ce masa CD28, na sauran biyun 4-1BB, kuma yadda na fahimta da kaina shi na farkon kamar ka murɗe totur gaba ɗaya ne, sojojin su taso da ƙarfi lokaci guda, na biyun kuma a hankali yake ɗauka. Mai ƙarfin ya fi cin ciwon, kuma shi ya fi wahalar da mai ciwon.

Ba ta tsaya a baki ba, ta nuna mana binciken da aka yi a Faransa aka buga a 2022, wanda ni shi ya fi kwanta mini a rai saboda ba zaɓaɓɓun majinyata na gwajin kamfani ba ne, mutanen asibiti ne na yau da kullum, tsofaffi da masu wasu cututtukan duk suna ciki, rajistar ana kiranta DESCAR-T. A nan waɗanda ciwon ya ɓace musu gaba ɗaya a sikanin kashi 60 cikin 100 ne a Yescarta, kashi 42 a Kymriah. Waɗanda ke raye bayan shekara ɗaya wajen kashi 63 da kashi 49. Amma matsalar ƙwaƙwalwa mai tsanani wajen kashi 14 a Yescarta, Kymriah kuwa wajen kashi 3 kawai. Na daɗe ina kallon lambobin nan wallahi, don kashi 14 ɗin nan ba lamba ba ce a wurina, uban 'ya'yana ne. Shi kuwa ya ce Maman yara, shekarata 46, zuciyata da ƙodata lafiya lau, ciwon nan gudu yake, a ba ni mai ƙarfin in Allah ya yi da sauran kwana shi kenan.

Akwai kuma maganar lokaci da mutane ba sa lura da ita. Mai irin wannan ciwon kowane sati yana da tsada. A babban gwajin Kymriah da ake kira BELINDA, wanda aka gwada shi a matsayin magani na biyu, matsakaicin jira daga tatsar jini zuwa ɗurawa kwana 52 ne, kuma gwajin bai nuna ya fi tsohuwar hanyar kimo da dashen ɓargo ba, alhali Yescarta a gwajin ZUMA-7 da Breyanzi a TRANSFORM duk sun nuna fifiko. Shi ya sa yanzu wanda ciwonsa ya dawo cikin shekara ɗaya ana iya kai shi CAR-T kai tsaye ba sai ya sha kimo na biyu kamar yadda maigida ya sha ba.

Tatsar jinin ba wahala, awa huɗu da ɗan wani abu yana kwance, jini na fita ta hannu ɗaya ya shiga inji ya dawo ta ɗayan, leɓensa ne kawai ya riƙa yi masa zir-zir suka ba shi maganin kalsiyam. Aka tafi da ledar zuwa masana'antar da ke kusa da Amsterdam. Jiran nan shi ne mafi ɗaci a duk tafiyar, sati huɗu da kwanaki, cikinsa na ƙara kumbura yana kasa cin abinci, sai da suka yi masa gashi da wasu ƙwayoyi don su riƙe ciwon kafin kayan su dawo. A nan zan faɗi laifin asibitin na farko, babu mai kiranka ya ce ga inda aka kwana, sai ni ce nake bugawa kullum ina bin layi, wata rana a ce wadda ke kula da fayil ɗin ba ta nan. Mutum na cikin wannan hali kira ɗaya a sati ai ba zai gagara ba.

Da kayan suka iso aka kwantar da shi aka yi kimo na kwana 3, fludarabine da cyclophosphamide, don a share wa sababbin sojojin fili. Ranar ɗurawa cikin azumi ne ina ɗauke da azumina. Aka turo wata tukunya kamar babbar tukunyar gas, da aka buɗe hayaƙin sanyi ya tashi, nas biyu suka karanta sunansa da lambarsa sau uku suna tambayarsa yana amsawa, aka narkar da ledar a ruwan ɗumi. Ledar ƙarama ce ko rabin ledar fiya wata ba ta kai ba, na tsaya ina kallonta ina cewa ikon Allah wannan ce aka fara sayarwa dala 373,000 a Amurka a 2017. Cikin ƙasa da rabin awa an gama. Ɗakin ya ɗauki wani wari kamar masarar gwangwani da tafarnuwa, sinadarin da ake daskarar da ƙwayoyin da shi ne, kwana biyu yana fita daga numfashinsa.

Rana ta biyu da dare zazzaɓi ya rufe shi, 39.6, yana karkarwa gado na motsi, jininsa ya sauka. Sun riga sun gaya mana za a iya yin haka, sojojin ne suka fara yaƙi jiki ya ɗauki zafi, suna kiransa CRS. Gaskiya a nan ma'aikatan sun burge ni, cikin mintuna an ɗebi jini an sa maganin kashe ƙwayoyin cuta an jona ruwa, da zazzaɓin bai sauka ba aka ba shi tocilizumab, maganin da ke kwantar da wannan zafin, zuwa gari ya waye ya dawo hayyacinsa har yana tambayar ko yara sun tafi makaranta.

Matsala ta biyu, ta ƙwaƙwalwa, ita ce wadda ba zan manta ba. Kullum sau biyu ko uku nas za ta zo da 'yar takarda ta yi masa tambayoyi masu maki 10, wace shekara wane wata wane gari wane asibiti, ta nuna abu uku ya faɗi sunansu, ya ƙirga daga 100 yana rage goma-goma, sannan ya rubuta jimla ɗaya. Kullum jimla ɗaya yake rubutawa mai kyau a jere. Rana ta shida da safe na ga rubutun ya fara karkacewa, da la'asar ya zama kamar tafiyar tsutsa. Nas ta ɗaga biro ta ce mene ne wannan, ya kalla ya kalla ya ce cokali, da Hausa. Turancinsa kaf ya tafi, mutumin da shekara 12 yake aiki da Turanci. Zuwa dare Hausar ma ta fara kubce masa, sai ya kalle ni kamar yana neman kalma hawaye na zubo masa. Na riƙe hannunsa na fara karanta Fatiha a hankali sai na ji yana bi na, tiryan-tiryan har ƙarshe bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na fita baranda na yi kuka mai isata.

Laifin asibitin na biyu a nan yake. Babu tafinta, nas ɗin dare ba ta san ko amsar da ya bayar da Hausa daidai ce ko shirme ba, da ba na nan da makin da za a rubuta ba gaskiya ba ne, kuma da makin nan ake yanke shawarar ko a ba da magani ko a wuce da mutum sashen kulawa ta musamman. Duk wanda zai raka majinyaci wannan jinyar, ko a Ingila ko a Indiya, dole ya zama mai jin harshensa kuma mai jin na likitoci, kuma kar ya yarda a ce ya tafi gida da dare a kwanakin nan. An sa masa dexamethasone duk awa shida, ya yi kwana biyu a sashen kulawa ta musamman, rana ta tara ya buɗe ido ya ce Maman yara ina wayata. Bai tuna komai na kwanakin ba har yau.

Bayan sallama an ce mu zauna kusa da asibiti har wata ya cika, ba tuƙi sati 8, ga kati a aljihu da zai nuna a duk asibitin da aka kai shi. Sikanin wata ɗaya ya nuna saura kaɗan, na wata uku ya fito fes. Jininsa ya daɗe bai dawo ba, kuma da yake maganin yana kashe ƙwayoyin B masu lafiya ma, garkuwarsa ta yi ƙasa, mura kaɗan sai ta zama ciwon ƙirji, ya daɗe yana shan Septrin da aciclovir kuma ana yi masa ƙarin garkuwa ta jijiya duk wata. Sun kuma gaya mana za a riƙa bibiyarsa shekaru masu yawa, don a 2024 hukumar Amurka ta sa gargaɗi a kan duk irin waɗannan magungunan game da wani dajin ƙwayoyin T da aka gani a mutane ƙalilan.

In aka tambaye ni, ga mai ƙarfi a jika wanda ciwonsa ke gudu, zan sake zaɓar Yescarta ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma da mahaifina ne mai shekara 70 ba zan so ya bi ta daren nan na rana ta shida ba, zan roƙi likita mu yi maganar Breyanzi, don a gwajinsa na TRANSCEND kashi 53 ciwon ya ɓace musu gaba ɗaya kuma wahalar zazzaɓin mai tsanani kaɗan ce ƙwarai. Ma'aikatan jinyar zan ba su 9 cikin 10, ofishin da ke tsara jira kuwa 4 ma da ƙyar.

Sai masu tambayar Indiya. E akwai, NexCAR19 sunansa, kamfanin ImmunoACT ne ya yi shi tare da IIT Bombay da asibitin Tata Memorial da ke Mumbai, an amince da shi a Oktoba 2023, kuɗinsa wajen rupi miliyan 3 zuwa 4, ƙasa da dala 50,000 ke nan, ban da kuɗin gado da sikanin da masauki da abin da zai taso. Mu a nan NHS ce ta biya komai saboda muna zaune a ƙasar, wanda zai taso daga gida shi zai biya da aljihunsa, to bambancin kuɗin nan babba ne. Sai dai shi sabo ne, gwajin da aka amince da shi a kai na mutum 64 ne, bai kai su Yescarta yawan shekarun bibiya ba. Kuma don Allah ku yi hattara da 'yan kamasho, wani ɗan'uwanmu an kusa karɓe masa kuɗi a wani ƙaramin asibiti da sunan maganin ƙwayoyin halitta wanda ba CAR-T ba ne sam. Ku tambaya da bakinku menene sunan maganin, mutum nawa suka yi wa, suna da tocilizumab a ajiye, akwai sashen kulawa ta musamman a ginin, kwana nawa ne jira kuma me za a ba majinyaci kafin nan, sannan wa zai ci gaba da duba jininsa in ya koma Kano ko Yamai, don ƙarin garkuwar nan da gwajin jini ba sa ƙarewa a filin jirgi.

Bana maigida ya yi azuminsa 30 cif da izinin likitarsa, karo na farko tun da ciwon ya fara. Wata mai zuwa muna da ganin likita da gwajin jini, ku sa mu a addu'a.