Asalin dokin roba: iyaye na gaske ko na tarin wani?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa za ka sa a matsayin iyaye a takardar asalin da masu tara dawakan roba ke ƙirƙira wa dokinsu. Tsakanin jingina dokinka ga dawakai na gaske da jingina shi ga dawakan roba na wani mai tarawa, ka ɗauki na gaske. Ni dai shi nake bi.

Ina da wani ingarma na Breyer, kamfanin da ke ƙera dawakan roba, irin manyan nan na ma'aunin 1:9, Thoroughbred (zuriyar dawakan tsere), jiki ja amma geza da wutsiya da ƙafafu baƙaƙe. Na so Secretariat ya zama ubansa, dokin nan na Amurka da ya lashe Triple Crown, wato manyan tsere uku na ƙasar, a 1973. To amma Secretariat ja ne fes har geza, kuma irin wannan ja idan ya haɗu da goɗiya ja, ja kawai suke haifa. Dole uwar ta zo da baƙin. Na yi ta tonon shafin Pedigree Query, mai ajiye asalin dawakai na gaske, da dare, shayi yana hucewa, har na dace da goɗiya mai launin da nake nema. Sai kuma shekara. Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11, ɗa ɗaya take bayarwa a shekara, don haka masu wannan harka suna neman shekarar da ba a rubuta mata haihuwa ba, su cusa nasu a gurbin. Kuma Secretariat ya mutu a 1989, ba ka da damar cewa an haifi ɗansa a 2005. Da na rubuta katin na jingina a gaban dokin, kakansa Bold Ruler, uban Secretariat, a sama, wallahi sai na ji kamar ni na kiwata shi.

Sunan ma da ƙa'idarsa. Jockey Club, hukumar da ke musu rajista, ba ta karɓar sunan Thoroughbred da ya wuce harafi 18, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, sai na sa masa Sakataren Sarki, ya shige ba gardama. Kowace zuriya da al'adarta: Trakehner yana ɗaukar harafin farko na sunan uwa, Hanoverian na sunan uba, ingarman Lipizzaner kuwa sunan gidan uba ne a gaba, irin su Maestoso ko Pluto, sannan sunan uwa. Idan kili ne dokinka, sai ɗaya daga cikin iyayen ya zama kili, launin ba ya tsallake zuriya. Friesian kuma akawal ne, kada ka ba gunya wannan asali a yi maka dariya.

Ɗaya hanyar fa? Tana da sauƙi, ba musu. Mai tarin yana fitar da jerin ingarmu da goɗiyoyinsa na roba, ka nemi gurbi, ya turo maka takarda. Na taɓa yi, mutumin ya bar harkar, jerin ya ɓace, asalin dokina ya rataye a iska.

Abin da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu sayarwa da ke ƙara kuɗi wai doki yana da takardar asali. Wannan takarda wasa ce ta masu tarawa, kowa na iya bugawa, ba ta ƙara wa roba ko kwabo. Abin da ke sa kuɗi shi ne ƙirar, da ƙarancinta, da lafiyar fenti. Ka sa a ɗauko maka hoton bakin kunne, hanci da kofato a hasken rana, don nan fenti ke fara gogewa, nan kuma 'yan damfara ke shafa maka su rufe. A nuna maka tambarin kamfani, wanda galibi yake cikin cinyar baya. Wanda ya ce wayarsa ba ta ɗaukar hoto da kyau, ka riƙe kuɗinka.