Kebul ɗin fam takwas da ya gyara min PS5 a Bradford

Salam mutanen Jos, musamman 'yan gidan gem na Bauchi Road da Rikkos da ke ta damuna da tambaya wai yaya buga ƙwallo onlayin yake a Ingila, wai mu mun huta tunda netwok ba ya yankewa. Toh ba haka kawai abin yake ba. Intanet ɗin gidan da nake haya fayba ne har cikin falo, megabit 500 nake biya duk wata, amma da dare in na hau FC, gem ɗin ƙwallon nan, sai ɗan wasa ya riƙa sanɗa, ka danna fasin yanzu sai an ƙwace ƙwallon sannan ya bayar, ping ɗin, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana milisakan 25 kafin ka kifta ido ya haura 150 ya dawo. Rautar, wato na'urar da ke raba WiFi, tana ƙasa kusa da ƙofar shigowa, PS ɗin, wato na'urar gem ta PlayStation, yana ɗakina a sama, gidan kuma irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da aka jera manne da juna.

Na kira kamfanin na yi ƙorafi, suka ce injiniya zai zo ranar Talata tsakanin takwas da ɗaya na rana, wallahi tara da 'yan mintuna ya ƙwanƙwasa ƙofa, kafin nan ma an turo min saƙo yana hanya. Dattijo ne mai furfura, ya sa leda a takalminsa kafin ya taka kafet. Ya gwada layin daga bango ya ce lafiyarsa ƙalau, ya hau sama ya duba inda PS ɗin yake, sai ya buɗe wayarsa ya nuna min sunayen WiFi na maƙwabta sun cika fuskar wayar, dama da hagu da tsallaken titi duk suna shigowa ɗakina. Na ce masa ko in koma babban tsari na gigabit ne, na riga na shirya ƙara kuɗin. Ya ce kar in soma, ko na biya ninki biyu haka gem ɗin zai ci gaba da yi, in je in sayi kebul Cat6 mai tsawon mita 15 in jona daga bayan rauta zuwa bayan PS ɗin. Ma'aikacin kamfani fa, wanda in na ƙara kuɗi kamfaninsu ne zai ci riba, shi ne ya tsaya yana hana ni.

Har yau abin bai bar raina ba. Ya tsaya ya yi min bayani a nutse kaman ɗansa, ya ce buga gem onlayin ba ya cin wani intanet mai yawa, 'yan megabit kaɗan sun ishe shi, abin da yake so shi ne saƙo ya tafi ya dawo a kan lokaci ba tare da tangarɗa ba. WiFi kuwa iska ɗaya kowa ke rabawa, na'ura ɗaya na magana sauran su jira, kaman layin famfo a Unguwar Rogo lokacin rani, ruwan na zuwa da ƙarfi amma sai layi ya zo kanka. Zangon WiFi na 2.4GHz yana ratsa bango amma a cunkushe yake, har maikrowef na kicin yana dagula shi, 5GHz kuma ya fi sauri amma bango biyu sun isa su kashe masa ƙarfi. PS5 tun fitowarsa a 2020 yana da WiFi 6, amma kuma Sony ba su cire masa ramin kebul na gigabit a baya ba. Masu tsohon PS4 na farko ma su 2.4 kaɗai ke gare su, sai daga Slim da Pro aka sa 5GHz, kuma na san yawancin gidajen gem ɗinmu irin tsohon ne.

Na sayo kebul ɗin fam takwas, na jona, ping ya zauna 12 zuwa 14 bai ƙara motsi ba. Saurin sauke gem ma ya canza, irin su Call of Duty da ke haura gig 100 yanzu ba sai na kwana ina jira ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na tuna yadda muke yi a gida. Ka shiga shago wajen Terminus ko Ahmadu Bello Way ka ce gem na maka sanɗa, nan take za a ɗauko maka rauta mai eriya shida a ce wannan ce ƙarshe, ko a ce ka sayi data mai tsada, ba wanda zai tambaye ka ina ka ajiye rautar, bango nawa ne tsakani. Mu ma masu saye da laifinmu, mun fi yarda da abu in ya yi tsada, kebul kuwa gani muke kaman koma baya ne, wai zamanin waya ya wuce. Sannan ginin da muke yi, mutum ya kashe miliyoyi a Rayfield, bulo inci tara da dekin cike da rodi, an sa fayif na wuta an sa na dish, amma ba a bar fayif ɗaya na intanet ba, daga baya a ɗora rauta a kan firij a falo ana zagin netwok daga ɗakin sama. Dan Allah mai gini ya gaya wa mai wayarin ya ja Cat6 zuwa kowane ɗaki tun kafin filasta, yana kaiwa mita 100 ba tare da ya rage komai ba.

Nan ɗin ma da nasu ciwon kan. Mai gidan da nake haya ya hana a huda bango ko a buga ƙusa, in ka yi daga kuɗin ajiyarka za a cire, dole na bi da kebul ɗin gefen matakala da 'yan maƙalai masu gam, kullum sai wani ya ɓalle. Kwantiragin intanet kuma wata 18 ne ko 24, ba ka isa ka fita ba sai da tara, kuma duk shekara wajen Afrilu sai sun ƙara kuɗi, sai a Janairun 2025 ne Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, ta tilasta musu su faɗi ƙarin a fam da kwabo tun ranar sa hannu. Abin da ya fi min ciwo shi ne gem ɗin ya gyaru amma ni kaɗai nake bugawa, ƙofa a rufe, hita a kunne, abokin karawata wani ne da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ina kewar bencin nan da muke matsuwa mutum goma a ɗaki ɗaya, wanda aka ci ya miƙa pad, ana ihu ana musun Plateau United, a fito cikin sanyin Disamba a tsaya wajen mai shayi.

Ƙanina ya kira ni ya ce, Yaya, ai mu rautar sim muke amfani da ita, kebul zai yi mana wani amfani? Na ce zai yi, amma rabin matsalar zai ɗauke. Daga PS zuwa rauta ya gyaru, daga rauta zuwa ƙarfen sabis kuwa har yanzu iska ce, in dare ya yi kowa ya hau TikTok dole ka ji a jikinka. Ga kuma nisa, in sabar gem ɗin, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, a Turai take sai saƙonka ya sauka Legas ya bi wayar ƙarƙashin teku ya je ya dawo, ba kebul ɗin da zai rage wannan tafiyar, kun dai ga abin da ya faru a Maris 2024 da wayoyin tekun suka lalace. Duk da haka ping ɗin da ya zauna waje ɗaya ko yana da yawa hannu na sabawa da shi, mai tsalle-tsallen ne ba ya buguwa. Masu Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a 2023, ku duba rautarku, wata sai an sayi adafta daban kafin kebul ya shiga.

Na ce masa in zai saya ya nemi na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, yana da araha amma saurin karyewa gare shi, kuma ya sa a gwada masa kawunan biyu a shagon kafin ya biya. Rauta da PS su zauna a kan inbata ɗaya saboda ɗauke wuta. In damina ta kama kuma aka fara tsawar nan ta Jos, ya zare kebul ɗin daga bayan PS tare da filogin wuta, don tsawa na iya biyo waya ta ƙona ramin.