Man kawar da tamoji: wanne ya cancanci kuɗinki?

Kafin ki biya, juya kwalbar ki karanta jerin sinadaran da ke bayanta. Rabin tsadar mayukan nan ta kwalba ce da turare da talla. In babu retinol a jerin, yawanci laushi kawai kika saya.

Retinol dangin bitamin A ne, kuma shi likitocin fata suka fi amincewa da shi, don yana sa fata ta riƙa samar da kolajin da kanta, wato sinadarin da ke riƙe fata kada ta saki. Fara da mai ƙarfin 0.3%, kada ki yi tsalle zuwa 1%. Da dare ake shafawa, bayan fuska ta bushe sarai, gwargwadon ƙwayar wake ga duk fuskar, sau biyu a mako. Ki kauce wa fatar ido da gefen hanci da na baki. Sai bayan wata 3 zuwa 6 ake ganin canji. Mai garaje takan lafta shi kullum, fuska ta hau saɓa da raɗaɗi, musamman da hunturu, kuma baƙar fata in ta ƙone takan bar tabon da ya fi tamojin muni. Mai ciki da mai neman haihuwa kada su taɓa shi. Ki zaɓi kwalba mai duhu, mai famfo, don haske da iska suna kashe shi. Da safe kuma dole a shafa man kariyar rana mai SPF 30 ko sama, in ba haka ba an yi ba a yi ba. Akwai tretinoin da ya fi shi ƙarfi, amma wannan sai da likita.

Man kolajin kuwa, ƙwayoyinsa sun yi girman da ba za su ratsa fata ba. Man da aka sa wa zinariya ado ne kawai. Bitamin C ba laifi, amma da ya koma ruwan ƙasa ya lalace.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen jabu. Mayukan kamfanonin CeraVe da The Ordinary ana kwaikwayonsu sosai. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kankare rubutun da farce. In ya goge, ajiye musu kayansu. In farashi ya yi arha fiye da ƙima, arha ba ta ado. Mafi haɗari su ne masu haɗi a gida, masu zuba mai a robar da ba ta da jerin sinadarai, suna alkawarin sakamako cikin kwana 7. Sau da yawa man bilicin ne aka sauya wa suna, a ciki akwai clobetasol ko hydroquinone, wani lokaci har da makuri, sinadari mai guba da ke lalata ƙoda. Makon farko fuska sumul. Bayan 'yan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa, kumatu su ƙone, ga ƙuraje da zarar an daina shafawa. Duk man da aka ce zai goge tamoji ya kuma haska ki lokaci guda, ki nemi ganin jerin sinadaransa. In mai sayarwa ta ce sirrin sana'a ne, riƙe kuɗinki.