Littafin Less na Andrew Sean Greer: abin da ya raba kan masu karatu

Duk wanda ya bi ra'ayoyin waɗanda suka karanta littafin Less zai tarar sun rabu gida biyu. Wasu sun sha dariya, suka rufe shi da ƙwalla a ido. Wasu kuwa sun ajiye shi tun ba su kai shafi na ɗari ba, suna mamakin yadda aka yi ya ci kyautar Pulitzer ta ƙagaggun labarai a 2018. Andrew Sean Greer, marubuci Ba'amurke, shi ya rubuta shi da Ingilishi, ya fito a 2017. Babi takwas ne, shafukansa ba su kai 300 ba. A ganina, akasarin masu ƙorafi sun saye shi ne da zaton wani kaya daban, don haka gara a kwance bakin buhun kowa ya ga abin da ke ciki.

Tun farko a sani, labarin soyayya ne tsakanin maza biyu. Marubucin bai tsaya kare wannan ko yin muhawara a kai ba, haka kawai rayuwar mutanen labarinsa take a San Francisco. Babu batsa a fili, abin da ya shafi kwanciya a taƙaice ake ambatarsa a wuce.

Arthur Less marubuci ne mai shekara 49 wanda sunansa bai yi nisa ba. Freddy, saurayin da suka shekara tara tare, zai auri wani, kuma ya aiko masa da katin gayyata. Zuwa bikin abin kunya ne, ƙin zuwa kuma zai nuna yana jin zafi. Sai ya kwaso duk takardun gayyatar da ya daɗe yana watsarwa, ya amsa su gaba ɗaya: hira da wani marubuci a New York, taro a Meziko, bikin ba da kyauta a Italiya, koyarwa ta mako biyar a Berlin, yada zango a Paris, yawo a saharar Maroko, zaman rubutu a Indiya, sai rubutu kan abinci a Japan. Sunansa ma wasa ne da kalma, domin a Ingilishi yana nufin abin da ya gaza, kuma kowane babi da sunan nasa aka raɗa masa suna.

Matsala ta farko daga nan take. Wanda ya saba da littattafan soyayya yana jiran haɗuwa, da saɓani, da shiri, duk a gaban idonsa. A nan masoyan biyu ba sa wuri ɗaya kusan daga farko har ƙarshe. Freddy a cikin tunani kawai yake zuwa, gutsure-gutsure, tsakanin filin jirgi da ɗakin otal. Mai karatun da ke ƙirga shafuka yana jiran a haɗu zai gaji tun a Meziko, kuma ƙorafinsa ba ƙarya ba ne: babuka biyu na farko suna da nauyin ƙafa. An cika su da tarihin Less da Robert Brownburn, shahararren mawaƙin rubutacciyar waƙa da ya girme shi nesa ba kusa ba, wanda suka zauna tare shekara 15. Ana bukatar wannan tarihin daga baya, amma an zuba shi da yawa a lokacin da mai karatu bai fara damuwa da mutumin ba.

Soyayyar tana nan, sai dai a muryar mai ba da labari aka ɓoye ta. Tun a jimlar farko akwai wani da ke cewa "ni", sannan ya ɓace na shafuka da yawa, ya sake leƙowa. Ba zan faɗi ko wane ne ba. Abin lura shi ne yadda yake kallon Less: ya san siririn jikinsa, ya san kwat ɗinsa shuɗiya da yake ji da ita kamar ransa, ya san yadda yake ɗaukar igiyoyin roba na motsa jiki zuwa kowace ƙasa ba tare da ya yi amfani da su yadda ya yi niyya ba. Wanda bai damu da kai ba ba zai riƙe irin waɗannan ƙananan abubuwa ba. Masu karatun da suka kama wannan muryar da wuri su ne suke cewa littafin ya taɓa su. Waɗanda suka ɗauke ta a matsayin muryar marubuci kawai sai su ga mutum yana ta yawon duniya yana tafka shirme. Shawarata ita ce duk inda "ni" ya fito a sa alama a gefen shafi, idan an gama a koma a bi alamomin a jere.

Wajen ban dariya, babin Jamus ya fi kowanne. Less ya yi imani ya iya Jamusanci kamar ɗan ƙasa, alhali gurgu ne. Dabarar Greer ita ce ya rubuta maganganun nasa da karyayyen Ingilishi, kalma a inda ba wurinta ba, shi kuwa mai maganar yana ta zuba da cikakken ƙarfin zuciya a gaban ɗalibai. Duk wanda ya taɓa jin baƙo yana gaisuwa da yaren da bai zauna masa a baki ba zai gane abin nan take. Amma fa a nan ne wahala take ga wanda Ingilishinsa bai nuna ba, domin sai ka san daidai kafin kuskure ya ba ka dariya. Jimlolin littafin ma dogaye ne, kuma sau da yawa a wutsiyar jimla abin dariyar yake. Mai saurin karatu da ke tsallake layi zai wuce shi bai sani ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: me zai sa a tausaya wa Bature mai lafiya, wanda ake biya masa kuɗin jirgi zuwa ƙasa da ƙasa, don kawai zai cika hamsin? Littafin da kansa ya yi wannan tambayar. A Maroko wata mata mai suna Zohra ta ji bayanin sabon littafin da Less ya rubuta, wanda kamfanin da ke buga littattafansa ya ƙi bugawa, labarin wani magidancin Bature da ke yawo a San Francisco da baƙin cikinsa, ta gaya masa a fili cewa da wuya a tausaya wa irin wannan mutumin. Daga nan ya gane gyaran da zai yi, ya zauna a Indiya ya mayar da labarin abin dariya. Wannan shi ne inda Less ya gano kansa, kuma a nan littafin ya fi ƙarfi. Mutum ya daina ɗaukar kansa gwarzon da duniya ta zalunta, ya yarda a yi masa dariya, sai ga shi ya zama wanda ake iya so. A Maroko ɗin dai akwai hirarsa da abokinsa Lewis, wanda ke rabuwa da abokin zamansa bayan shekara ashirin, kuma yake kallon zaman a matsayin nasara. Masu karatun da suka manyanta sukan ambaci wannan wurin.

Inda ban wanke littafin ba shi ne ƙasashen. Maroko da Indiya sun zama kamar labulen bayan dandamali, mutanen wurin yawanci direbobi ne da masu hidima da ke shigowa su fita. Mai karatu daga Afirka zai ji wannan fiye da na Amurka.

Akwai shi a bugun takarda, da na karantawa a waya, da na saurare wanda Robert Petkoff ya karanta, kimanin awa takwas. Na sauraren ya fi fito da babin Jamus, na takarda kuma ya fi sauƙin komawa baya. A ba shi dama har ƙarshen babin Italiya, wato na uku, inda ɗaliban sakandare ne alƙalan kyautar. Idan har nan murmushi bai zo ba, sauran ma ba za su kawo shi ba. Ci gabansa, Less Is Lost, ya fito a 2022, kuma kada a fara da shi, domin tun a shafukan farko yake tona sirrin mai ba da labarin.