Strava Metro wajen tsara hanyar keke da ta masu tafiya a ƙasa

Duk hukumar da za ta shimfiɗa hanyar keke tsakanin garuruwa, abin da ta fara buƙata shi ne sanin inda mutane ke bi tun yanzu. Nan Strava Metro ya yi rana. Yana tattara tafiye-tafiyen masu manhajar Strava (manhajar waya mai adana bayanan gudu, tafiya da tuƙin keke), ya cire sunaye, ya jera su kan taswirar OpenStreetMap (taswirar intanet ta kyauta), titi bayan titi, har da sa'ar da aka fi cunkoso. Tun 2020 kyauta ake ba hukumomin tsara birane.

Amfaninsa babba ne wajen gano giɓi. A taswirar za ka ga layi mai kauri, wato hanyar da ake yawan bi, ya taho, ya tsinke a bakin wata gada ko mahaɗa, alamar mutane na tsoron wurin.

Sai dai akwai gyara. Yawancin masu manhajar 'yan motsa jiki ne. Ɗalibi mai zuwa makaranta da dattijuwa mai takawa kasuwa ba sa fitowa, alhali su aka fi yi wa hanyar. Titin da masu binsa suka yi kaɗan kuma ɓoye shi ake yi, don kare sirri. Dole a dasa na'urar ƙirga mutane a wurare uku ko huɗu, a kwatanta alƙaluman kafin a yanke faɗin hanya. Mita 3 ne mafi ƙaranci in keke da mai tafiya za su haɗu, inda jama'a suka yi yawa a kai mita 4.

Strava Metro ba ya nuna gangara ko inda ruwa ke kwanciya. Wannan aikin safiyo ne, a fili, da damina.