Kada ka aiko wayar zuwa Berlin, ka kai ta Farm Centre

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kowa lafiya, ka gaishe min da Hajiya da yaran gida.

Na ji saƙonka cewa wayarka ta ƙi wuce tambarin kamfani, da ka kunna sai ta tsaya cak, wani lokaci ta mutu ta sake tashi da kanta, kuma kana neman mai tahowa ya kawo min ita a gyara a nan Jamus. Kada ka aiko ta. Irin gyaran da take buƙata ya fi samuwa a Kano, kuma na san za ka yi mamakin jin haka daga bakina.

A nan, idan ka shiga kanti da waya mai irin wannan matsala, abin da ake fara tambayarka shi ne rasit. Doka ta ɗora wa wanda ya sayar maka da sabon kaya alhakin lahaninsa har shekara 2, kuma tun 2022, a watanni 12 na farko shi ne zai kawo hujjar cewa lafiya ƙalau ya ba ka kayan. Wannan tsari ne mai kyau ƙwarai, kuma ina yi mana kwaɗayinsa a gida, inda da ka fita daga shago ciniki ya ƙare. Sai dai ba a buɗe wayar a gabanka. Aika ta ake yi wata cibiya, ka jira mako biyu ko fiye, bayan ka sa hannu cewa ka yarda duk abin da ke ciki zai iya gogewa. Su kuma can ba sa neman inda ciwon yake a jikin fanel, wato allon da ke ɗauke da sassan cikin waya, cire shi suke yi ɗungurungum su sa sabo. Waya ta dawo tana aiki, hotunanka sun tafi.

Idan garanti ya ƙare, sai ƙananan shaguna irin waɗanda suka cika unguwar Neukölln, yawancinsu na Turkawa da Larabawa. Sikirin, batir, wurin caji, duk za a canza maka cikin awa ɗaya ko biyu, a ba ka takarda mai lambar wayar da farashin da aka yanka tun kafin a taɓa ta. Amma wayar da ta maƙale a tambari, mafi yawansu filashin kawai za su gwada, wato sake ɗora mata manhajarta, idan ta ƙi su ce ka sayi sabuwa. Ba ƙyuya ba ce, lissafi ne. A 2025 mafi ƙarancin albashi a Jamus Yuro 12.82 ne a awa, ga harajin kashi 19 cikin ɗari a kan aikin, ga kuɗin haya. Mutumin da zai zauna awa uku yana bin layukan fanel da madubin ƙara girma, kuɗin aikinsa zai kusa kama kuɗin sabuwar waya matsakaiciya. Masu yin wannan aikin akwai su, amma 'yan kaɗan ne kuma da tsada. Ga shi Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutane a gida ba a ganinsu a manyan kantunan nan, balle kayan gyaransu.

Hukuma ta san wannan gurgunta ce, shi ya sa take ta ƙoƙari. A 2024 gwamnatin Berlin ta fito da shirin mayar wa mutum rabin kuɗin gyaran kayan lantarki, har zuwa Yuro 200. Daga 20 ga Yunin 2025 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni samar da kayan gyaran sabbin wayoyi har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. Wato da kuɗi da doka ake lallaɓar mutane su yi abin da samarinmu ke yi kullum a Farm Centre da titin Beirut, kasuwannin waya na Kano: a ɗaga ayisi (IC, ɗan ƙaramin sashe da ke manne a fanel) da iska mai zafi, a share ƙasanta, a jera sabuwar dalma, a mayar da ita, waya ta tashi. Sai da na zo nan na san darajar wannan sana'a, kuma raina yana ɓaci in na tuna yadda ake yi wa masu ita tayin wulaƙanci. Abin da ke rage mana ƙima shi ne rashin takarda, da bara-gurbin da ke musanya kayan waya ko leƙa hotunan mutane.

Kafin ka kai ta ko'ina, ga abin da za ka gwada. Cire layi da memori, ka sa ta a caji da caja mai kyau kamar rabin awa, domin batir mai rauni yakan kasa ɗaukar nauyin tashin waya. Sannan ka danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare na daƙiƙa 15 zuwa 20 har ta mutu ta sake tashi. Idan ba ta wuce ba, kashe ta ka danne na kunnawa da na ƙara sauti, a yawancin wayoyin Android hakan zai kai ka wani baƙin shafi mai rubutun Turanci. In ka ga “wipe cache partition”, zaɓe shi, ba ya taɓa kayanka. Wanda ke kusa da shi, “wipe data/factory reset”, shi ne mai share komai, kuma bayan an yi shi wayar za ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta a da. In ba ka tuna kalmar sirrinka ba, ka nemo ta tukuna.

Idan duk wannan bai yi ba, ka je wurin wanda aka san shi da aikin fanel, kuma ka faɗa masa tun farko cewa kayan da ke ciki kake so. Ka faɗa masa abin da ya faru kafin ta tsaya: ko ta faɗi, ko ta sha ruwa, ko caji ya ƙare tana tsaka da sabunta manhaja, ko ta daɗe tana kukan ta cika. Ya fara gwada wani batir kafin ya yi maganar filashin, domin filashin sau da yawa yana tafiya da komai, kuma ba ya maganin dalmar da ta tsage. An ga haka a LG G4, inda a 2016 kamfanin da kansa ya amsa cewa haɗin wasu sassa ne ya saki. Kada kuma wani ya ce maka zai ciro ayisin ajiya ya kwashe hotunan a wata na'ura. Wayoyin yanzu suna kulle bayanai da mabuɗin da ke ɗaure da ƙwaƙwalwar wayar, sai fanel ɗin nan ya tashi ake iya buɗe su. Ka tsaya a wurin ana aikin, ko ya rubuta maka lambar wayar da abin da zai canza.

In aka tabbatar ayisin ajiyar ce ta mutu, ka sanar da ni in turo kuɗi ka sayi wata a nan Kano, a wurin da ke ba da rasit kuma kamfanin yake da cibiyar gyara a gari. Wadda zan saya a Berlin, haƙƙin shekara 2 ɗinta a kan kantin Berlin yake, ba zai bi ta gida ba.