Duwatsu uku na kai masa, ɗaya kawai ya yarda ya yanka

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aikin kuza ya yi a Bukur. Idan ana wankin kuza akwai wasu tsakuwoyi farare masu sheƙi da ke kwantawa tare da ita saboda nauyi, leburori su tsince su watsar. Shi kuwa yakan zubo su a aljihu ya kawo mana mu yi 'yar carafke. Sai da na fara furfura na san tofas, wani dutse mai daraja, muke ta wurgi da shi a tsakar gida. Tun daga nan cutar tara duwatsu ta kama ni. Na fara da gwangwanin madara, yanzu ina da akwatin katako mai gida-gida da duwatsu wajen arba'in a ciki, kowanne da 'yar takardar inda ya fito.

Bayan sallar layya na ɗebi uku daga ciki na kai wa wani mai yankan dutse a tsakiyar Jos. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a bakina, 'yan harkar dai sun san shi. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, ba nisa da inda 'yan Senegal da Mali da Gini ke zama suna cinikin ɗanyen dutse a ƙullin farar takarda. Cikin ɗakin akwai injin yanka guda biyu, sikeli, tocila, madubin likita, da wata 'yar na'ura ta auna karyewar haske. Mai shagon ba zai wuce shekara arba'in ba, kuma ba shi da yawan magana.

Na fara miƙa masa wanda na fi ji da shi, zoben azurfa mai jan dutse da na saya a wani shago a Makka shekarar da na sauke farali. Yaƙutu aka ce mini. Ya ɗiga wani ruwa a kan na'urar, ya kifa fuskar dutsen, ya leƙa, ya ce lambar ta tsaya tsakanin 1.76 da 1.77, daidai da ta yaƙutu. Har na fara murmushi. Sai ya mayar da shi ƙarƙashin madubin likita, ya daɗe yana jujjuyawa, sannan ya ja kujera baya ya ce, "Baba Alhaji, zo ka duba da kanka." Na leƙa. Wasu siraran layuka ne a lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya kamar zanen faifan garmaho, da ƙananan kumfa biyu a gefe. Ya ce wanda Allah ya halitta a cikin ƙasa layukansa a miƙe suke, masu kusurwa. Lanƙwasassu alamar na masana'anta ce, inda ake narka gari a harshen wuta yana ɗiga yana daskarewa. Wani Bafaranshe mai suna Verneuil ne ya bayyana dabarar tun 1902. Wato dutsena ba kwalba ba ne, sinadarinsa da taurinsa duk na yaƙutu ne, shi ya sa shekara da shekaru ko ƙwarzane bai yi ba. Kuɗinsa ne dai bai kai na azurfar da ke riƙe da shi ba.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da abu ɗaya: da ya tsaya a gwajin farko ya karɓi kuɗinsa, da na tafi da farin ciki kuma ba zan taɓa sanin komai ba. Masu gwaji da yawa a nan suke tsayawa, wasu ma wani ɗan alƙalamin gwaji mai ƙara suke dangwalawa a kan dutsen su ce maka na gaske ne.

Na biyu tomalin ne kore, tsawonsa kamar gaɓar ɗan yatsa biyu, a tsaye a kan farin dutsen da ya tsiro a jikinsa. Daga wajen Keffi wani ɗalibina na da ya kawo mini. Niyyata a ɓalle shi a fitar wa uwargida da 'yan kunne. Ya haska tocila ta gindinsa, ya nuna mini tsaga uku da suka ratsa shi a kwance, ya ce idan ya sa masa zarto abin da zai tsira bai fi ƙwayar wake biyu ba, su ma masu duhu, domin koren tomalin yakan rufe haske idan aka dube shi ta tsawonsa. Sannan ya shafa kan dutsen da babban yatsa ya ce, "Ka ga kan nan? Bai karye ba. Cikin ɗari da ake fitowa da su daga rami, da wuya ka samu kaɗan da kai lafiya kuma a kan uwarsu, don da guduma ake fasa su. Akwai masu tara irin wannan yadda yake, ba sa so a taɓa shi." Na ce ai ni na kawo aiki, ni zan biya. Ya ce ya sani, amma a kai wa wani, hannunsa ba zai yi ba. Na tsaya ina kallon mutumin da ke mayar da kuɗi a wannan zamanin. Burushin goge baki ya ɗauko da ruwan sabulu ya wanke mini jar ƙasar da ke maƙale a lungunansa, bai karɓi ko sisi ba. Yanzu haka dutsen yana saman akwatin, uwargida kuwa har yau tana yi mini gorin 'yan kunne.

Na ukun shi ne aikin gaske. Shuɗin safaya ne ɗanye daga tsaunin Mambila a jihar Taraba, na saye shi hannun wani direba da ke zirga-zirgar Gembu. Sikeli ya nuna karat 11.4. Ga wanda bai sani ba, karat biyar ne giram ɗaya, kuma wannan karat ɗin na awon nauyi daban yake da na gwal, mai nuna tsabta. Ya auna shi a iska, ya sake auna shi a rataye cikin ruwa, lissafi ya ba shi nauyi ninki huɗu na ruwa, abin da ya dace da safaya. Kwalba ba ta kaiwa nan.

A nan na ga ilimin da nake biya. Ya riƙe dutsen da hantsaki a gaban taga ya ce in duba ta sama: shuɗi sosai, irin na rini mai kyau. Ya juya shi gefe: sai ga shi ya koma shuɗi mai ratsin kore, kamar ruwan kududdufi. Ya ce dutse ɗaya ne mai launi biyu, kuma inda mai yanka ya ɗora babbar fuskar shi ke yanke hukuncin wanda za a gani har abada. Idan ya bi faɗin dutsen zan samu babba mai kore-kore. Idan ya bi launi, zan samu ƙarami mai shuɗi tsantsa. Na zaɓi launi. Ya manne shi a kan ɗan sanda da kaki, kuma ranar da na koma na same shi yana kai, fuska ɗaya bayan ɗaya a kan faifai mai garin daimon, yana ɗagawa yana leƙawa duk bayan 'yan daƙiƙu. Safaya tana mataki na 9 a ma'aunin tauri na Mohs, daimon ne a na 10, don haka aikin ba ya gaggawa.

To ga inda muka saɓa. Mako biyu ya ce mini, sai da aka yi bakwai. Yau babu wuta, gobe janareta ya lalace, jibi ya tafi Nasarawa duba kaya. Na yarda matsalar wuta gaskiya ce, amma waya ba ta buƙatar janareta, kuma sau huɗu ina hawa benen nan da gwiwata mai ciwo ina tarar da kwaɗo a ƙofa. Na biyu, ranar da na bar dutsen bai yi niyyar ba ni wata shaida ba. Ni na nace ya rubuta nauyin a takarda ya sa hannu, na kuma ɗauki hotonsa a kan sikelin da wayata. Ban zarge shi da komai ba, amma harkar da ake musanya dutse cikin ƙiftawar ido ba a yin ta da "Allah ya kai mu" kawai. Na uku, kuma wanda ya fi ba ni haushi, bai faɗa mini tun farko yawan abin da zai tafi a ƙura ba. Karat 11.4 na bayar, 3.1 aka miƙo mini. Sai da gabana ya faɗi. Daga baya na tambayi wasu dillalai biyu, suka ce samun kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku shi ne al'ada, har ma ya yi ƙoƙari. Da ya yi mini wannan bayanin a ranar farko, da ban kwana ina lissafin an cuce ni ba.

Yankan kansa ya yi kyau. Siffar ƙwai ce, fuskokin sun haɗu baki da baki, gogewar ba ta da zane ko a ƙarƙashin gilashi mai ninka girma sau goma. Aibi ɗaya na gani: gindin bai yi zurfin da ya kamata ba, don haka akwai ɗan fili a tsakiya da haske ke zurarewa, idan ka ɗora shi a kan jarida kana iya hango baƙi ɗaya ta ciki. Da na nuna masa bai yi musu ba, ya ce akwai tsaga a ƙasan da ta tilasta masa tsayawa a nan.

Ya ba ni takarda mai ɗauke da nauyi da awo da sakamakon gwajinsa, amma da bakinsa ya ce kada in ɗauke ta a matsayin satifiket. Kayan aikinsa ba za su tabbatar ko an taɓa gasa dutse a wuta don gyara launi ba, kuma har ɗanyen dutse ana gasawa. Mai niyyar sayarwa a waje sai ya nemi rahoton ɗakin gwaji irin na GIA ta Amurka, ko Gübelin da SSEF na Suwizalan, don bambancin farashi tsakanin gasasshe da wanda ba a gasa ba babba ne. Ni ba sayarwa zan yi ba, saboda haka ban bi ta kai ba.

Ɗaurin zoben wani maƙerin farfaru da suke aiki tare ya yi, da azurfa mai lambar tsabta 925, tunda gwal ba namu ba ne mu maza. Ƙafa ɗaya cikin huɗun da ke riƙe da dutsen ta ɗan ɗago, ranar Juma'ar farko ta kama aikin wuyan babbar rigata ta ja zare. Na mayar, aka danne ta aka goge cikin minti goma, kyauta. Rigar dai ta riga ta ji jiki.

Kuɗin gwajin duwatsu uku da yankan da ɗaurin gaba ɗaya bai kai abin da na biya direban Gembu ba. Akwai wani akwamarin mai ruwan sararin samaniya a akwatina da na ƙudurta kai masa bayan damina, wannan karon da takarda da biro a aljihu, kuma sai na kira ya ɗauka kafin in taka benen. Jan zoben Makka kuwa ina nan ina sa shi a hannun hagu, jikokina sun fi son sa da safayar.